Rodney Mullen: Zakaran da Wasansa Ya Mutu Ya Bar Shi

Ƴan'uwa ɗalibai, in aka ce tarihi, abin da ke fara zo mana shi ne sarakuna, yaƙe-yaƙe da ƴan siyasa. Ni kuwa tarihin wani Ba'amurke na kawo muku, wanda bai taɓa mulkin kowa ba. Tun yana ɗan shekara 10 aikinsa ɗaya ne, tsayawa bisa wani ɗan katako mai taya 4. Sunansa Rodney Mullen. Duk wanda ya taɓa ganin bidiyo a salula, inda yaro ya yi tsalle, katakon ya wuntsila ƙarƙashin ƙafarsa, ya dawo ya dira a kai, to aikin wannan mutum ya gani, ko da bai taɓa jin sunansa ba.

Kafin mu shiga, sai mun raɗa wa abin suna, don Hausa ba ta riga ta ba shi ba. In na ce masu yin sa "ƴan allo" ne, za ku ɗauka almajirai nake nufi. In na ce "ƴan katako", mutanen Yamai za su wuce kasuwar Katako neman su. Don haka zan kira katakon "allon sulu", masu hawansa kuma "ƴan sulu". In wani yana da abin da ya fi wannan, ya kawo, za mu karɓa.

Asalin wasan

Wasan ya fito ne daga jihar Kalifoniya a shekarun 1950. Masu hawan igiyar ruwan teku ne suka fara shi: ranar da teku ya kwanta, sai su kafa wa katako tayoyi su riƙa gangarawa a titi. Tayoyin farko na ƙarfe ne, daga baya aka koma na wata irin laka mai tauri. Dukansu ba sa riƙe ƙasa, tsakuwa ɗaya ta isa ta kayar da mutum. A farkon shekarun 1970 wani mai suna Frank Nasworthy ya kawo tayoyin yuretan, wata roba mai kama ƙasa, sai wasan ya farfaɗo. A 1976 da 1977 aka yi fari a Kalifoniya, aka bar wuraren ninƙaya na siminti, waɗanda muke kira pisin, babu ruwa. Samari suka riƙa tsallaka katangar mutane suna shiga cikinsu da allunansu, suna hawa bango suna saukowa.

Daga nan wasan ya rabu salo-salo. Akwai salon bango, inda ake gudu cikin kwari a tashi sama, shi ke tara jama'a. Akwai kuma salon fili, wanda Turawa ke kira firistayil: mutum ɗaya, fili shimfiɗaɗɗe, kiɗa na tashi, shi kuma yana juyi, yana tsayawa bisa taya 2, yana tsayawa da hannu, kamar mai rawa. Ƴan bango suna yi wa ƴan fili kallon raini. A wannan salon da aka raina Mullen ya tashi.

Yaro da alkawari

An haifi John Rodney Mullen ranar 17 ga Agusta 1966 a garin Gainesville, jihar Fulorida, nesa ƙwarai da Kalifoniya inda ake cin kasuwar wasan. Ubansa likitan haƙori ne, mutum mai tsanani. Uwarsa gwanar kaɗa piyano ce. Yaron ya taso da ƙafafu masu karkata ciki, har sai da aka riƙa sa masa takalman gyaran ƙafa. Wato ƙafar da duniya ta zo tana mamaki, da farko ƙafa ce da ake nema wa magani.

Uban bai so wasan ba. A ganinsa hanyar karaya ce da lalacewa. Da ƙyar ya yarda, ranar 1 ga Janairu 1977, bisa sharaɗi 2: yaron zai riƙa ɗaura kayan kare gwiwa da gwiwar hannu, kuma ranar da ya ji mummunan ciwo, ranar zai ajiye allon. Ku riƙe wannan sharaɗi, don shi ya gina mutumin. Yaron da ya san faɗuwa ɗaya za ta raba shi da abin da yake so, dole ya koyi lissafa kowane motsi kafin ya yi shi.

Da iyalin suka koma gona a bayan gari, babu kwari, babu abokan wasa. Abin da ke akwai shi ne daɓen siminti na garejin gidansu. Nan yake shafe awoyi shi kaɗai. A 1978 kamfanin Walker ya ɗauke shi. A 1980, bai wuce shekara 14 ba, ya je San Diego gasar ƙwararru ta Oasis, ya kayar da Steve Rocco, wanda shi ne zakara a lokacin. Ya shiga ƙungiyar Bones Brigade, wato Rundunar Ƙasusuwa, ta kamfanin Powell Peralta, wadda Stacy Peralta ke jagoranta. A nan ya haɗu da Tony Hawk, Steve Caballero, Mike McGill da Lance Mountain. Duk da haka uban bai sauka daga ra'ayinsa ba, ba sau ɗaya ba ya umarce shi ya daina. Zakaran duniya ne a waje, a gida kuwa yaro ne mai jiran ranar da za a ƙwace masa allo.

Oli ta sauko ƙasa

Wajajen 1978, wani yaro ɗan Fulorida mai suna Alan Gelfand ya gano yadda zai tashi sama daga bangon kwari ba tare da ya riƙe allon da hannu ba. Laƙabinsa Ollie, sai aka kira dabarar da sunan, oli. Amma kowa ya ɗauka sai da bango take yiwuwa, don bangon ne ke cilla mutum sama.

Wajajen 1982 Mullen ya nuna ana iya yin ta a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Ga yadda take. Allon yana da hanci a gaba da wutsiya a baya, wutsiyar ta ɗan ɗaga sama. Mai sulu zai buga wutsiyar a ƙasa da ƙafar baya, da ƙarfi, a daidai lokacin da yake tsalle. Bugun zai sa allon ya miƙe, hancinsa sama. Saman allon kuwa a lulluɓe yake da takarda mai kaushi, irin wadda kafinta ke goge katako da ita. Sai ya ja gefen ƙafar gaba bisa wannan kaushi zuwa hanci, allon ya daidaita a iska, kamar an liƙe shi da tafin ƙafa. Duka wannan bai kai daƙiƙa ɗaya ba.

Abin ya yi kama da ƙaramin abu, amma ku duba abin da ya buɗe. Kafin oli, in mai sulu ya iso bakin dakali, sai ya sauka ya ɗauki allonsa. Bayan oli, yana iya haye dakalin, ya tsallake rami, ya hau benci, ya dira daga matakala. Gari gaba ɗaya ya zama filin wasa. Samari irin su Mark Gonzales da Natas Kaupas suka ɗauki oli suka fita da ita kwalta, har suka kai ga zamewa bisa ƙarfen da ake dafawa a matakala. Haka salon titi ya samu ƙafar tsayawa.

Mullen bai tsaya nan ba. Da ya ga allo yana tashi, sai ya tambayi kansa: me za a iya yi da shi kafin ya sauko? Ya shuri gefen allon da yatsun ƙafar gaba, allon ya mirgina sau ɗaya ya dawo daidai. Da farko an kira ta da sunan da ke nufin "juyin sihiri", don masu kallo sun kasa gane abin da ke juya allon. Yau sunanta kikfilib. Ya yi irinta da diddige, allon ya mirgina ta ɗaya gefen, ita ce hilfilib. Ya sa allon ya naɗe ƙafarsa ta baya ya zagayo, aka ba ta sunan da ke nufin "ba ta yiwuwa". Ya haɗa mirginawa da cikakken zagaye, aka samu juyin 360, wanda Jason Lee ya yaɗa a titi daga baya.

Abin da sunaye suka ɓoye

A nan ne karatuna na harshe ya sa na tsaya. Oli ta yi aiki irin na saiwar kalma. Mu a Hausa daga saiwa ɗaya muke fitar da karanta, karatu, makaranta, makaranci. Su ma haka: oli ce saiwa, a ƙara mata shuri ta zama abu kaza, a ƙara zagaye ta zama wani abu, a yi ta da hanci maimakon wutsiya ta zama noli, inda aka gutsuro harafin farko na kalmar hanci a Turanci aka manna wa oli. Wanda ya iya saiwa da ƙa'idar haɗawa yana iya furta abin da ba a taɓa furtawa ba. Shi ya sa har yau yara ke fito da sababbin dabaru, alhali kayan ginin na shekarun 1980 ne.

Sai dai ku lura da wani abu. Oli tana ɗauke da laƙabin Gelfand. Akwai dabarar da aka raɗa wa suna daga Caballero, akwai wadda McGill ya ƙirƙiro a 1984 mai ɗauke da farkon sunansa. Amma cikin manyan dabarun Mullen da kowane ɗan sulu ke yi kullum, babu wadda ke kiran sunansa. Sunayensu suna bayyana motsi ne kawai: shuri, diddige, zagaye. Haka kalma take in ta shiga bakin kowa. Wa ya san wanda ya fara cewa "sannu"? Kuma dabara ba ta da takardar mallaka. Duk yaron da ya yi kikfilib a Tokiyo ko a Legas, ko dala ba ya biyan Mullen.

Nasarar da ta zama kaya

A tsawon shekaru 10 ya shiga gasa 35 ta salon fili, ya ci 34. Sau ɗaya aka kayar da shi, kuma abokinsa na ƙungiya ne ya yi, Per Welinder ɗan ƙasar Suwidin. In a kokowa ne, sai mu ce mutum ya riƙe takobi shekara 10, sau ɗaya tak gwiwarsa ta taɓa ƙasa.

Mai jin wannan zai ce ai ya more. Shi kuwa ya sha bayyana cewa gasar ta zame masa azaba. Wanda ya saba ci ba ya zuwa neman nasara, gadi yake zuwa yi, kada a ƙwace. Mutum ne mai kunya, maras son taro, ga tsoron uba a gida, ga tsoron faɗuwa a fili. Daɗin da yake ji yana cikin garejin nan ne, shi kaɗai, lokacin da sabuwar dabara ta fito karon farko. A gasa kuwa ba a son gwaji, abin da ka tabbatar ba za ka kuskure ba shi za ka yi. Wato gasa tana biyan sa don ya daina abin da ya sa ya zama gwani.

A wannan zamani ne kaset ɗin bidiyo ya shigo. Powell Peralta suka fitar da The Bones Brigade Video Show a 1984, sannan The Search for Animal Chin a 1987. Yara suka riƙa mayar da kaset baya suna kallon ƙafar Mullen, suna koyo. Ya kuma shiga Jami'ar Fulorida yana karatun injiniyancin sinadarai, amma bai ƙare ba. A 1989 ya bar Powell Peralta ya haɗa kai da Steve Rocco, mutumin da ya kayar a 1980, a kamfanin World Industries, inda ya zama mai hannun jari, yana kuma tsara sifar alluna.

Ranar da kasuwa ta watse

A farkon shekarun 1990 salon fili ya mutu. Ba wanda ya hana shi, mutane ne kawai suka watse. Gasa ta ƙafe, mujallu suka daina buga hotunansa, ƙananan allunan da ake yi dominsa suka daina fita a shago. Samari duk sun koma titi. Abin da ya fi ciwo shi ne, da makamin Mullen aka kashe salon Mullen: oli da kikfilib su suka sa titi ya yi armashi har aka manta da fili.

Ku sa kanku a matsayinsa. Shekararka 25. Ka bar jami'a. Ka yi rigima da ubanka shekara da shekaru saboda abu ɗaya, ka zama wanda ya fi kowa iya shi a duniya, sai ka wayi gari abin ba ya nan. Ina ganin a cikinmu akwai waɗanda wannan tambaya ba baƙuwarsu ba ce, mu da muke zuba shekarunmu cikin fannonin da ba mu da tabbacin kasuwa za ta nema ranar da muka fito.

Yana da hanyar tsira da mutunci: ya ajiye allo ya zauna ofis, tunda yana da jari. A nan wani mai suna Mike Ternasky ya shigo. Shi ya kafa ƙungiyar Plan B a 1991, ya tara gwanayen titi, ya kuma nace sai Mullen ya shiga. Mullen ya yi ta noƙewa, don ya san abin da ke jiran sa. Allon titi ya fi nasa girma da nauyi. Bai saba gudu ba, bai saba dakali da matakala ba. Zakaran shekara 10 zai koma ɗan koyo a gaban yaran da suka koyi wasa daga kaset ɗinsa, kuma kyamara na ɗauka. Hausawa sun ce in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, amma ba su ce canjin ba ya da kunya ba.

Ya yarda. A 1992 ya fito a bidiyon Questionable, a 1993 kuma a Virtual Reality. Bai tsaya kwaikwayon ƴan titi ba, sai ya kwaso kayan tsohon salonsa ya zuba a sabon wuri. A Virtual Reality ne ya nuna wata dabara inda yake kifa allon, tayoyi sama, ya zame bisa gefen kaushin, sannan ya mayar da shi daidai ya wuce. Abin da aka ce ya mutu ya dawo da sabuwar riga. A 1994 Ternasky ya rasu a haɗarin mota. Mutumin da ya ba shi rayuwa ta biyu bai ga inda ta kai ba.

Dukiya da ciwo

Daga nan abubuwa suka buɗe. A 1997 ya fitar da bidiyon karawa tsakaninsa da Daewon Song, suka sake a 1999. A 2000 ya kafa Tensor, mai ƙera ƙarfen da ke riƙe tayoyin allo, kuma a wannan karon ya samu takardar mallakar ƙirarsa. A shekarar ce aka sa shi cikin wasan kwamfuta na Tony Hawk's Pro Skater 2, inda yara da yawa suka fara jin sunansa. A 2002 kamfanin Globe na Ostareliya ya saye kamfanin da yake da jari a ciki, ya zama attajiri. A 2003 shi da Daewon Song suka kafa Almost. A 2004 ya fitar da tarihin rayuwarsa tare da Sean Mortimer, mai suna The Mutt, laƙabinsa ke nan, ma'anarsa kare maras asali. Kun ga kenan ƙarfe da katako ne suka kawo masa kuɗi, dabarun da suka canza wasan kuwa kyauta suka tafi.

Jiki kuma ya zo karɓar bashinsa. Ƴan sulu kashi 2 ne: masu sa ƙafar hagu a gaba da masu sa ta dama. Shekaru kusan 30 yana tsayuwa iri ɗaya, yana dira a gefe ɗaya, sai tsokar da ta yi tabo ta ɗaure masa ƙashin cinya da ƙugu, ƙafar ta ƙi juyawa. Abin da ya yi ba abin koyi ba ne: ya riƙa cusa ƙafar a ramin tayar motarsa yana murɗa jiki don tabon ya yage, shekara da shekaru, cikin azaba. Da ƙafar ta saki, sai ya tarar tsayuwar da ya saba ta canza. Maimakon ya nemi tsohuwar, ya shiga koya wa jikinsa wasa ba tare da fifita wata ƙafa ba. Karo na 3 ke nan yana komawa ɗan koyo. Yawanci da dare yake fita, shi kaɗai, lokacin da gari ya yi barci. A 2016, yana dab da shekara 50, ya fito a wani gajeren fim mai suna Liminal da sababbin dabaru.

A 2012 ya yi jawabi a dandalin TED kan yadda ƙirƙira ke fitowa daga jama'a ta koma ga jama'a, yana kwatanta ƴan sulu da masu rubuta manhajar kwamfuta su saki kyauta kowa ya ƙara nasa. A 2013 aka sa sunansa a jerin manyan gwanayen wasan na tarihi.

Kammalawa

A 2016 kwamitin Olamfik ya karɓi wasan, aka fara yin sa a gasar Tokiyo a 2021, da salon titi da salon kwari. Yuto Horigome na Japan ya ci zinare a titi ɓangaren maza. A ɓangaren mata, Momiji Nishiya ta Japan ta ci zinare, Rayssa Leal ta Barazil ta ci azurfa, dukansu ƴan shekara 13. Ita Rayssa duniya ta fara sanin ta ne a 2015, tana ƴar shekara 7, a wani ɗan bidiyo inda ta tsallake matakala da hilfilib, dabarar da aka haifa a Fulorida fiye da shekara 20 kafin a haife ta. Salon fili, wanda Mullen ya ci gasa 34 a cikinsa, ba ya cikin Olamfik ɗin.

Ni abin da na ɗauka daga wannan tarihi bai shafi katako ba. Kofunan nan 34 na wasan da ya mutu ne, yau ba mai tambayar su. Abin da ya rayu shi ne abin da ya yi a gareji lokacin da ba mai kallo, da kuma ranar da ya yarda ya tsaya gaban ƙannensa bai iya ba. Mu da muke rubutu a harshen da wasu ke ce wa ba shi da kasuwa, muna buga shi a fotokwafi muna raba wa juna, ya kamata mu san wannan labari. Wanda ya gama karantawa ya miƙa wa na kusa da shi, kuma ina jiran wanda zai kawo sunan da ya fi "allon sulu".